Rasuwar Hajiya Barkono a Tur'ar Hillar Bagudu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma kwana shida ke nan ba ta koma mazauninta ba, Alhaji Almu na Hillar Bagudu, tare da mai ɗakinsa Hajiya Yalwa da dukan mutanen gidansa, yana sanar da 'yan uwa Musulmi na Jazira da na bakin kogi, daga Madani har Makwar, daga Abu Na'ama har Rusairis, rasuwar motarsa, abokiyar tafiyarsa ta kullum, wadda manya da yara suka sani da suna Hajiya Barkono. Ta rasu ranar Talata da hantsi, cikin kwanakin tsinkar auduga na wannan shekara ta 1969, a cikin tur'ar da ke shayar da gonakin garinmu, dab da gadar gafir mai tsaron ruwa. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, mu da ƙarafanmu.

A ji da kyau, rasuwa aka ce. Ba a ce suma ba, ba a ce jinya ba. An maimaita ne saboda labari ya iso zauren Alhaji cewa surukinsa Jibo, mijin autarsa Maryamu, ya dawo daga wurin aikinsa a Rusairis ya bi gida-gida yana kiran gayya. Wai ranar Juma'a da safe a fito da igiyoyi da shanu a jawo motar daga ruwa. Wai Usta Abdulmuttalib, makaniken Sinnar, ya yi alkawarin tashinta cikin mako biyu, domin ita za ta kai Maryamu asibiti in lokacinta ya yi. Jibo mutumin kirki ne, don girmamawa ya yi. Amma shekara biyu da aurensa, shi da Alhaji ba su taɓa wuce gaisuwa ba, shi a durƙushe yana kallon ƙasa, Alhaji yana kallon bango, kamar yadda muka gada. Akwai maganar da mutum ba ya iya faɗa wa mijin ɗiyarsa baki da baki, akwai kuma halin da uba ba ya ambata game da ɗiyarsa. To ga shi a takarda, a ƙofar masallaci, inda kowa zai ji. Alhaji yana tsoron a tashe ta. Yana tsoron a sa ɗiyarsa ciki.

Kowa ya san waye Alhaji Almu, amma a faɗa saboda na baya, don su san nauyin kalmar da ya furta. Yana ɗan shekara goma ya baro ƙasar Sakkwato a ƙafa, bayan jakin ubansa, da niyyar Makka. Shekara bakwai suna tafe. Ya binne ubansa a Wadai da hannunsa, ya binne uwarsa kusa da Fashir, ya iso bakin kogin nan da tsumma ɗaya da ƙwarya. Da ake gina madatsar Makwar, shekara uku yana ɗaukar dutse a ka. Ranar da igiya ta tsinke ta share mutanen da ke gabansa, shi ya karkaɗe rigarsa ya koma layi. Shekarar sanƙarau ya kwanta tsakanin gawa biyu, ya tashi ya nemi kunu. Ya haye teku a jirgin katako mai yoyo, ya yi hajjinsa, ya dawo. Bai shiga ajin kowa ba, amma in mufattish, wato sufeton gona, ya zo dubawa, a hawashar Alhaji, gonarsa ta auduga, yake tsayawa ya cire hula. Duk wannan bai taɓa razana shi ba. Sai da ya kai sittin da bakwai Allah Ya nuna mishi yadda tsoro yake, kuma Ya aiko mishi da shi ja, mai ƙafa huɗu.

An haifi marigayiya a ƙasar Ingila, ba a san shekarar ba. Motar tsere ce, irin wadda samarin Turawa ke guje-guje da ita don nishaɗi. Wani mufattish Bature ne ya shigo da ita. Da mulkinsu ya ƙare ya bar ta hannun wani ɗan Girka mai shago a Madani, daga nan ta auri wani likitan dabbobi, daga nan wani ɗan kasuwa da ya yi ta zirga-zirga da ita tsakanin Madani da Gadarif har ya gaji. Ba ta zauna da kowa daɗewa ba, kuma ba wanda ya taɓa dawowa bikonta. Alhaji bai yi wannan tunani ba sai yanzu.

Shekarar da auduga ta yi kyau kuma jakinsa ya mutu, Alhaji ya tafi Madani neman abin hawa da zai hutar da ƙafafunsa. Motoci uku ya tarar a filin dillali. Bai duba fenti ba, bai duba ƙafa ba, tambaya ɗaya ya yi: wace ce a cikinsu ta fi daɗewa a kan hanya? Dillalin, mutum mai tsoron Allah, ya nuna mishi agogon da ke ƙirga tafiya, ya ce, "Ya Hajj, wannan ka bar ta. Lambobinta sun ƙare tun tuni, sun koma sifili, sun sake hawa. Tsohuwa ce, ta gaji." Alhaji ya ce, "Halas, magana ta ƙare. Ita nake so."

Wanda aka haifa a nan zai yi dariya, amma wanda ya taka hanyar gabas da ƙafarsa ya san dalili. A cikin ayari ba a sayen jakin da bai ga hanya ba. Mai tabon baya ake nema, wanda ya je ya dawo. Madugu ma diddigensa ake dubawa. In ba faso, ba a bin shi. Masu sabbin takalma su aka fara binnewa tun ba a kai Chadi ba. Abin da ya gama ƙirgensa ya koma farko kuwa, a wurin Alhaji, kamar malamin da ya yi sauka ne ya sake ɗaukar allo. Don haka ma ya sa mata Hajiya. Barkono yara suka ƙara, saboda launinta da halinta. Alhaji na nan kan bakansa cewa ga jaki da ga mutum wannan hukunci daidai ne. Abin da bai sani ba, ƙarfe ba ya koyon hanya. Hanya ce ke cin shi.

Kwana uku Usta Abdulmuttalib ya yi yana koya mishi tuƙi a masussuka. A rana ta uku Usta ya sauka ya ce bai taɓa ganin dattijon da ya kama da sauri haka ba, sannan ya nemi ruwa ya zauna a ƙasa.

Halayen marigayiya ba a ɓoye suke ba. Ja ce kamar garwashi, mai doguwar gaba, gajeruwa har kaza ba ta iya bi ta ƙarƙashinta. Kujera biyu gare ta, ba ta taɓa neman ta uku ba. Ba a hawanta, gangara mata ake yi, mutum ya zura ƙafafu gaba ya kwanta rabi kamar ana gwada mishi kabari. Alhaji da tsawonsa, gwiwoyinsa kan zo daidai kunnuwansa. Rufinta tanti ne da ake naɗewa baya. Ba ta da girman kai: ta ɗauki liman, ta ɗauki akuya, ta ɗauki ungozoma da akwatinta, ta ɗauki takin zamani. Ba ta san ƙyuya ba, wannan ne ma abin. Don gudu aka yi ta, kuma duk shekarunta a duniya ba wanda ya koya mata wani abu dabam. In aka lallaɓa ta a hankali sai ta yi tari ta mutu, sai an nemo ƙarti huɗu su tura. In aka sake mata kuwa, itatuwan bakin hanya sai su zama katanga ɗaya.

Hanyar Alhaji ta kullum, daga gida zuwa hawasha, ita ce bayan tur'a: tudun ƙasa mai faɗin amalanke ɗaya, ruwa a hagu, gangaren gona a dama. Zuwa Sinnar ma hanyar ke nan, sai dai ruwan ya fi faɗi. Abu ɗaya ne Alhaji bai koya ba a duk yawonsa na duniya, shi ne iyo. Kogunan da ya haye yana yaro, rungume da gora ya haye su, wani na jan shi.

Masu ta'aziyya za su tuna muryarta. Da safe takan fara da ƙasa-ƙasa, kamar tsohuwar da aka tasa daga barci: "Kyaƙ… kyaƙ-kyaƙ-kyaƙ…" Sai ta yi shiru, mutum ya ce ko yau Allah Ya hutar da shi. Can sai "Wuuuum!", kaji su watse, mata su kama yara. In ta kusa gada takan gaida gafir da "Tau! Tau!" ta baya, kamar bindigar gargajiya, har jakinsa ya koyi tsinke igiya tun yana jiyo ta daga nesa. Amma a duk maganganunta, wadda Alhaji ya fi ƙauna ita ce "Ƙiiiiii", kukan birkinta. Ba daɗi gare shi ba. Sai dai duk ranar da ya ji shi a bakin hawasha, ya san yau ma zai ci tuwon gidansa.

A nan za a faɗi abin da ba a taɓa faɗa ba. Shekara biyu, safe da yamma, Alhaji bai taɓa shiga motar nan ba sai a tsorace. Mutane sukan ga shi ya wuce, rawani ɗaure ƙarƙashin haɓa, haƙora a waje, leɓɓa na motsi, su ce, "Dubi tsohon nan, dariya yake yi, har da waƙa." Ayatul Kursiyyu ce. Haƙoran kuwa iska ce ta buɗe su, tsoro ya hana su rufuwa. Kowace safiya kafin ya fita sai ya nuna wa Hajiya Yalwa inda takardar hawasha take, ya gaya mata wanda zai yi mishi wanka. Ita kaɗai ta gane. Wata rana tana miƙa mishi shayi ta ce, "Alhaji, in tsoronta kake ji, ka sayi jaki mana. Ba wanda zai kai ka ƙara." Ya ce, "Wa? Ni? Ni da na kwana da kura a Wadai?" Ta ce, "To sha shayinka, yana zuba a rigarka." Ya sha, ya fita, ya shiga. Duk gari ya ga ranar da ya shigo da ita, mata na guɗa, an yanka rago. Mutumin da aka yi wa guɗa ba ya komawa kan jaki.

Kuma ba tasa ba ce shi kaɗai. Ita ce mota guda a Hillar Bagudu, kuma a wurinmu abin da ke gida ɗaya na gari ne. Wanda kunama ta harba, wanda zazzaɓi ya kayar, wadda haihuwa ta zo mata da gardama, ƙofar Alhaji ake bugawa, kuma bai taɓa cewa a'a ba. Ya kai Malam Liman Sinnar cire haƙori. Suna isa Malam ya sauka ya ce haƙorin ya warke, kuma yana da sha'awar komawa gida a ƙafa don ya ga gonaki. Kowa ya sauka sai ya yi godiya, ya yi addu'a mai tsawo. Ba wanda ya taɓa cewa ya ji tsoro, don ba a kushe alheri. Alhaji ma bai taɓa cewa ba, don shi ne Alhaji Almu. Haka aka yi ta zama, kowa na yaba ta a gaban kowa.

Marigayiya ta daɗe tana fama, sai dai mai ɓoye ciwo ce. Tana yoyon mai tun ranar da ta zo. Zazzaɓi kan kama ta da rana tsaka, ta yi ta huci har sai an ɗebo mata ruwan tur'a. Daga baya kunnenta ya yi nauyi: sai an juya sitiyari kamu guda kafin ta ji ana magana da ita. Ƙofar hagu, ta wajen fasinja, ta daina buɗuwa ta ciki tun bara, sai wani ya zagaya ya buɗe ta waje. Sai kuma birki. Da taka ɗaya yake kamawa, ya koma biyu, ya koma uku. Usta ya ce kayanta sun ƙare a Madani, sun ƙare a Hartum, ƙila sun ƙare har a Ingila, ya yanka fatar tsohon takalmi ya sa mata, ya ce, "Ya Hajj, wannan ya fi na kamfani. Ka dai riƙa fara takawa tun da nisa."

Ranar Talata, ungozoma ta ce a kai Maryamu Sinnar likita ya duba ta, don kwanciyar abin da take ɗauke da shi ba ta yi mata daidai ba. Maryamu na gida wurin uwarta wata biyu ke nan, kamar yadda ake yi a karon fari. Jibo na Rusairis, bai ga wannan safiya ba, kuma ba wanda ya ba shi labarinta. Abin da ya ji kawai, mota ta faɗa ruwa da buhun dawa. To ya ji sauran.

Saboda rana, Alhaji ya ɗaga tantin ya rufe motar, ya ɗaure kowane maɗauri da hannunsa, don kada zafi ya taɓa yarinyar. Mata biyu suka kama ta suka gangara da ita kan kujerar hagu, a hankali, aka rufe ƙofar ta waje. Alhaji ya shiga ya tayar. Har ya sa giya. Sai Maryamu ta dafa hannunsa ta ce, "Baba, warin man nan… a fitar da ni, zan yi amai." Uwarta ta zagaya ta buɗe. Ita da ungozoma suka kama, ɗaya hannu, ɗaya kafaɗa, suna ja, kujerar na riƙe da ita. Alhaji na zaune yana karanta Fatiha don bai san abin da zai yi da bakinsa ba, kuma sai da ya karanta bakwai kafin ƙafarta ta taka ƙasa. Bakwai, a sarari, da rana, da mutum biyu suna ja. Hajiya Yalwa ta ce a bari sai gobe, amma tunda an riga an tayar, kada a yi asarar mai, ya kai dawa injin niƙa. Aka ɗora buhun a kan kujerar, tana da ɗumi tukuna. Aka rufe ƙofa.

Dab da gadar gafir hanya na da kwana. Alhaji na shan kwanar sai ga mata masu tsinka, su bakwai, jere a kan tudun, ƙunshin auduga a ka. Ya taka ɗaya. Ya taka biyu. Ya taka uku. Ya jira "Ƙiiiiii". Abin da ta ce shi ne "Fus", ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar ya taka ruɓaɓɓiyar kabewa. Ya danna ƙaho, ta ce "Mbeee", ƙanƙane, kamar ɗan akuyar da aka haifa jiya. Matan suka sandare, ba wadda ta motsa. A dama, ƙasan gangaren, wasu ne sunkuye cikin auduga da goyo a baya. Alhaji ya juya hagu. Wannan karon kaɗai, a duk zamansu, ta ji magana nan take.

Ruwan tur'a kore ne ta ciki, kuma da sanyi. Ta nutse ta gefen hagu, tantin da ya ɗaure da hannunsa ya zama murfi. A nuna wani mai shekara sittin da tara da zai zare wuƙar damtsensa a ƙarƙashin ruwa, ya yanka tanti da numfashi ɗaya. Babu, daga nan har Sawakin. Amma ba wannan ne abin da Alhaji ke son a riƙe ba. Kafin ya fita, hannunsa ya taɓa abin da ke zaune a kujerar hagu, mai nauyi, mai tudu. A cikin duhun nan ya manta buhu ne. Ya kama ya ja. Ya sake ja da duk ƙarfin da ya ɗauki dutsen Makwar da shi. Ko motsi bai yi ba. Numfashin da ya rage mishi bai kai rabin Fatiha ba.

Matan nan bakwai su suka kwance mayafansu suka ƙulla suka jefa mishi, suka jawo shi kamar ɗan maraƙi. Yana kwance a bakin tudu yana aman ruwa ya ji kalmominta na ƙarshe suna tasowa: "Bul… bul-bul… bul." Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba. Allah Ya sa hakan ya ɗore.

Tun ranar Alhaji bai koma daidai ba. In ya leƙa randa zai ɗebi ruwan alwala, sai ya ga kore. In Maryamu ta gifta tsakar gida a hankali, hannu a ƙugu, sai ya tashi ya koma zaure don kada ta ga fuskarsa. An yanka ragon karama, wato sadaka, don godiya ga Allah, mutane suka cika gida, kowa na cewa, "Hamdilla alas-salama, ya Hajj," kuma kowa sai ya ƙara da, "Kada ka damu, za ta tashi." Usta Abdulmuttalib ya zo da kansa, ya je ya leƙa ruwan, ya dawo yana murna, ya ce, "Ya Hajj, injin Ingilishi ba ya mutuwa! Mu shanya ta kwana uku, mu zuba sabon mai, wallahi sai ta fi da gudu." Kofin shayi ya suɓuce daga hannun Alhaji. Mutane suka ce, "Allah sarki, dubi yadda yake son ta." Wannan tausayin ne ya haifi gayyar Juma'a.

Marigayiya ta rasu ta bar mai gidanta Alhaji Almu, da ƙafar ajiya guda da ba ta bi ta wannan tafiya ba, tana jingine a zaure. Ta bar ƙarti huɗu masu tura ta, waɗanda bayansu ya fara warkewa. Ta bar rawuna uku da suka riga ta shiga tur'a a lokuta dabam-dabam, da baƙin tabon mai a gindin dogon yaro inda ciyawa ba za ta sake fitowa ba, da jakin gafir, wanda aka ce ya fara ƙiba. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar 'yar uwa ba. Usta ya tabbatar irinta ta ƙare a duk Jazira, kuma iyalai sun karɓi wannan labari da haƙuri. Ana roƙon duk wanda ta firgita, ko ta watsa wa taɓo, ko ta take wa kaza, ya yafe mata. Alhaji ya yafe mata nasa. Bai ƙi ta ba. Ta kai marasa lafiya da yawa inda aka cece su, ta kuma tsaya sau dubu kafin ranar da ba ta tsaya ba. Ranar ce dai ba ya iya mantawa.

Ga yadda jana'iza za ta kasance.

Ranar Alhamis, kafin komai, Maryamu da uwarta da ungozoma za su bi lorin kasuwa zuwa Sinnar, wanda ke tsayawa a kowane ƙauye kuma amalanke kan wuce shi. Za su sauka gidan gwaggonta Maijidda, bayan asibiti, inda ƙafa ke kai mutum. Can za su zauna har Allah Ya sauke ta lafiya. Wannan an gama shi, ba shawara ake nema ba.

Ranar Juma'a da safe gayya na nan yadda aka kira ta, don gafir ya ce motar na tare wa gonakin ƙasa ruwa. A zo da igiyoyi, a zo da shanu. Sai dai gawa za a fitar. Malam Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe sallah, kuma ya ce shi zai tsaya nesa kaɗan ya yi wa masu rai addu'a. Ana gayyatar Usta Abdulmuttalib da dukan kayan aikinsa, shi zai yi mata wanka, wato ya kwance ta gaɓa-gaɓa, kada ya bar ƙusa biyu a haɗe. Za a raba ta sadaka a nan bakin ruwa. Ƙafafu biyu su tafi Abu Na'ama a yi amalanken jaki, biyu su haye kogi. Injin na maƙeran Rusairis ne, su yi fartanya da shi. Ƙahon na mai sayar da kananzir ne. Gangar jikin a kai wa matan nan bakwai, su yi akurki ko abin da suka ga dama. Sharaɗin mai mamaci ɗaya ne: kada kaso biyu su kwana gari ɗaya.

Bayan sallar Juma'a za a zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gidan Alhaji, yini ɗaya tak. Akwai shayi, akwai kisra, gurasarmu ta dawa, da nama. Mai gaisuwa ya ɗaga hannu ya ce Fatiha ya zauna. Wanda ya ce "Allah Ya maido da ita", ba za a amsa mishi da amin ba.

Saura abu ɗaya, kafin Usta ya sa hannu. In an jawo ta tudu, a tsaya. Buhun na nan a kujerar hagu, kwana goma yana shan ruwa. Alhaji na roƙon dattawa su isar wa mijin ɗiyarsa cewa shi ake so ya zagaya ya buɗe ƙofar, ya ciro buhun da hannunsa, shi kaɗai. Kada kowa ya kama mishi. Malam Liman zai riƙa karanta Fatiha a bayyane, jama'a na ƙirgawa, har buhun ya taɓa ƙasa. In an gama, kowa ya juya ya kalli gona, a bar Jibo ya goge fuskarsa.